LITTATTAFAN TARIHIN CINIKI DA JARI, DA ABIN DA HAKIMI ZAI ƘARU DA SHI A CIKINSU

Maƙasudin Wannan Darasi

An shirya wannan darasi domin Hakimai da malamansu na ofis, musamman na ƙasar Daura, tun daga birni har garuruwan bakin iyaka irin su Babban Mutum ta ƙasar Ɓaure. Hakimi ba falke ba ne, malaminsa kuwa ba da sikeli ya ke aiki ba. Amma duk da haka da wuya rana ta fito ta faɗi ba a kawo maganar ciniki zauren Hakimi ba. Yau rigimar rumfa ce a kasuwa, gobe bashi ne ko jinginar gona, jibi kuma baƙo ne ya zo da takardun kamfani yana neman fili, ko kuwa malamin gona ya zo da sabon iri yana so a yi wa talakawa shela. Duk abin da Hakimi ya sa wa baki jama'a za su ɗauka da nauyi, in ya yi kyau su gode, in ya ɓaci su ce shi ya kai su.

To, masana sun rubuta littattafai masu yawa a kan yadda ciniki da sana'a suka gudana a ƙasar Hausa, da yadda aka tara jari, da yadda kuma wani jarin ya salwanta. In aka tattara abin da su ke nunawa, sai a ga magana ɗaya ce ta ke ta maimaituwa. Manomi da falke na ƙasar nan da lissafi su ke aiki, ko da ba su rubuta shi a takarda ba. Duk shirin da ya dace da lissafinsu ya kan ci gaba ba tare da tilas ba, wanda kuwa ya saɓa masa ya kan mutu komai ƙarfin mai shi.

Ire-iren Littattafan

Littattafan nan sun kasu kashi uku. Na farko su ne na tarihin ciniki da masana'antu, masu ba da labarin abin da ya auku. Na biyu su ne na jari, masu koya wa mutum inda ya kamata ya sa dukiyarsa da inda bai kamata ba. Na uku su ne na dabarun tafiyar da kamfani, watau yadda mai sana'a zai tsaya da ƙafarsa a tsakanin abokan takara. Kashi na farko shi ne gindi, gama sauran biyun daga cikinsa su ke ɗebo misalansu.

Kada malami ya zaci wannan ilmi baƙo ne. Duk wanda ya karanta Risala ko Muhtasar ya ratsa ta babin ciniki, ya ga hukuncin wanda ya ba wani jari ya juya a raba riba bisa kason da aka yi sharaɗi tun farko, wanda Malikawa ke kira ƙiradi, wasu kuwa su ce mudaraba. Ibn Haldun kuma, cikin Muƙaddima wadda ya rubuta a 1377, ya bayyana cewa haraji mai sauƙi ya kan ƙarfafa zuciyar masu sana'a har abin da ke shiga baitulmali ya yawaita, mai nauyi kuwa ya kan kashe kasuwa. Har wa yau ya yi gargaɗi game da mai mulki wanda ya shiga ciniki yana takara da talakawansa. Littattafan zamani sun ƙara ne da ƙididdiga da shekaru da sunayen wurare.

Kafin Zuwan Jirgin Ƙasa

Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Cikin littafin tafiyarsa, wanda aka buga juzu'i biyar a 1857 da 1858, ya nuna cewa ƙarfin Kano a saƙa da rini ya ke. Ya ƙiyasta tufafin da a ke fitarwa kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus. Sana'ar kuwa ba a gida ɗaya ta ke ba. Manomi ya noma auduga da baba, mata su yi kaɗi, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga, sa'an nan falke ya ɗauka.

Fataucin goro shi ma an rubuta tarihinsa. Paul Lovejoy, cikin littafinsa Caravans of Kola wanda aka buga a Zariya a 1980, ya bi sawun ayarin da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, inda kasuwar Salaga ta ke, a kai kanwa da tufafi da fatu, a komo da goron kurmin Asante. Zuriya uku suka fi shahara da wannan fatauci, su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Tafiya ce ta watanni, ga kuɗin fito, ga fashi, ga goro kuma ba ya jimrin sakaci, sai ana buɗe shi ana tsince ruɓaɓɓe ana sake ganye. Sabo da haka ayari ba ya tashi sai da madugu, wanda ya san hanya da sarakunanta, ya san kuma abin da za a biya a kowane zango. Uba ya kan koya wa ɗa, maigida ya ba yaronsa ɗan jari ya juya a gefe, in ya ga ya iya, ya ƙara masa. Watau tun kafin a kafa banki ko ɗaya a ƙasar nan, akwai mutanen da suka san jari da bashi da wakilci sarai. Sai a riƙe wannan, don shi ne mabuɗin labarin da ke biye.

Auduga da Gyaɗa

A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa wata ƙungiya a birnin Mancesta domin neman sababbin ƙasashen da za su samo auduga, don kada su dogara ga Amurka kaɗai. Da suka ji labarin saƙar Kano, sai suka tabbata a ransu cewa Nijeriya ta Arewa ce za ta cika musu masaƙu. Wannan bege yana cikin manyan dalilan da suka sa aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano a 1911, aka buɗe ta don ɗaukar kaya a 1912. Aka kafa injin gurzar auduga a Zariya, aka raba iri, aka yi ta jira.

Jirgi ya zo, amma abin da ya cika tashar Kano gyaɗa ce. Kafin zuwansa gyaɗar da Nijeriya ke fitarwa a shekara ba ta taka kara ta karya ba, amma a 1913 ta haura tan dubu 19. Jan Hogendorn ya rubuta littafi sukutum, Nigerian Groundnut Exports, a 1978, don ya gano dalilin wannan al'amari, kuma dalilan da ya kawo duk wani manomin ƙasar Daura zai gane su.

Na ɗaya, masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da kuɗin da Turawa suka yanka mata, don haka babu abin da zai sa manomi ya kai tasa inda za a taya ta da araha. Na biyu, a Turai an gano hanyar daskarar da man tsirrai a yi irin man shanun nan na kanti da shi, sai kuɗin gyaɗa ya tashi. Na uku, gyaɗa tana son jigawa irin ta Kano da Kazaure da Daura, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, ba ta kuwa cinye ƙarfin gona kamar auduga, harawarta ma abincin dabbobi ce. Na huɗu, wanda ya fi duka nauyi, in kasuwa ta faɗi ko damina ta yi gardama, ana cin gyaɗa, amma ba a cin auduga. Ba a daɗe ba kuwa aka ga amfanin wannan lissafi, gama ruwa ya ƙi a 1913, yunwar da a ke kira Kakalaba ta biyo baya a 1914.

Saura tambaya guda. Yaya aka yi labarin sabon farashi ya game ƙauyuka cikin damina ɗaya ko biyu, alhali babu rediyo, babu mota? Amsa ita ce fataken goron nan. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauye ba, ba su kuma jin harshe, sai suka ba manyan fatake kuɗi da kaya. Fatake suka rarraba wa yaransu, yara suka shiga karkara da gishiri da tufafi da kuɗi, suna ba manoma tun kafin kaka bisa alkawarin gyaɗa. Hanyar da goro ya share ita gyaɗa ta bi. Auduga kuwa daga baya ta sami wurin zamanta a ƙasar Zazzau da Funtuwa da Gusau, inda ƙasa da ruwa suka dace da ita.

Abin lura ga Hakimi a nan shi ne, masu shirin auduga suna da kuɗi da injuna da goyon bayan Gwamnati, abu guda kawai suka rasa, ba su tambayi manomi yadda ya ke lissafinsa ba.

Jari da Amana

Cikin fataken da suka rungumi gyaɗa babu wanda ya kai Alhaji Alhassan Ɗantata shahara. Ba'agale ne, an haife shi a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro a Gwanja da Ankara, yana cikin na farko da suka riƙa aiko da goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Da ya komo Kano sai ya zama babban mai saye wa kamfanonin Turawa gyaɗa, yana da wakilai birjik a garuruwa. Sa'ad da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Tom Forrest, cikin littafinsa na 1994 a kan bunƙasar kamfanonin 'yan Nijeriya, ya bi labarin gidaje irin wannan, ya nuna yadda ribar fatauci ta koma sufuri da gine-gine da masana'antu. Alhaji Aliko Ɗangote, mai masana'antun siminti da matatar mai ta Ikko wadda aka ƙaddamar a 2023, tattaɓa kunnen Alhassan ne ta wajen uwa.

Jari ba kuɗi kaɗai ba ne. Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Badun, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, ya rubuta littafi a 1969 a kan cinikin shanu da goro. Ya tarar mai shanu ya kan zo daga Arewa ya sauka gidan maigida, maigida ya sa dillalinsa ya sayar wa mahauta bashi, ba takarda, ba sa hannu. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa, don in ya bari sunansa ya ɓaci, baƙi za su koma wani gida. Dukan cinikin a kan amana ya ke tsaye, amanar kuwa tana da mai tsaronta.

A ƙauye ma akwai jari, ko da ya ke ba a kiransa da wannan suna. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, littafinta Rural Hausa ya fito a 1972. Ta nuna cewa abin da ya raba mai hali da matalauci a ƙauye ba faɗin gona kaɗai ba ne, har da ikon riƙe hatsi. Mai ƙaramin ƙarfi ya kan sayar da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, sabo da bashi da bukatun gida. Da bazara rumbunsa ya ƙare, ya koma saye da tsada, ya tafi ƙodago a gonar wani sa'ad da tasa ke bukatar noma, baɗi kuma abin da zai girba ya ragu. Mai hali kuwa ya saya da kaka, ya ajiye, ya fitar da damina. Ta kuma jawo hankali ga cinikin da mata ke yi daga cikin gida ta hannun yara, wanda ba ya shiga lissafin kowa alhali yana da yawa ƙwarai.

Littattafan jari na ƙasashen waje, in aka tuɓe musu rigar Turanci, maganarsu ba ta yi nisa da wannan ba. Mafi shahara a cikinsu shi ne na Benjamin Graham na Amurka, The Intelligent Investor, wanda ya fito a 1949. Ya rarrabe tsakanin mai zuba jari da mai caca. Mai zuba jari ya kan binciki abin da zai saya har ya san ƙimarsa ta gaskiya, sa'an nan ba ya saye sai kuɗinsa ya yi ƙasa da wannan ƙima, don ko lissafinsa ya kuskure kaɗan uwar kuɗi ta tsira. Mai caca kuwa yana saye ne don ya ji ana cewa gobe zai tashi. Wannan gargaɗi bai tsufa ba. A watan Disamba na 2016 wani shiri na intanet mai suna MMM, wanda ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ya rufe asusun masu zubi, dukiyar jama'a da yawa ta tafi. Irin wannan shiri ba ya noma, ba ya saƙa, ba ya fatauci, kuɗin na baya a ke ba na gaba har ranar da na baya suka ƙare. Duk wanda ya zo neman Hakimi ya sa masa albarka a gaban jama'a, tambayar farko ita ce, daga wace sana'a ribar za ta fito? In ba a sami amsa bayyananniya ba, to, garin neman gira za a rasa ido.

Kasuwar Bakin Iyaka

Ƙasar Daura tana da wani hali nata wanda littattafan suka kula da shi. M. G. Smith, cikin The Affairs of Daura na 1978, ya ba da tarihin yadda sarauta ta rabu uku bayan jihadi, Fulani a birnin Daura, zuriyar sarakunan dā kuwa a Zango da Ɓaure, har zuwa 1906 da Turawan Ingila suka mai da Malam Musa gadon Daura. A tsakanin 1906 da 1908 ne kuma wakilan Ingila da Faransa suka bi daji suna kafa alamun iyaka, garuruwan da ke 'yan'uwan juna suka wayi gari wasu a ƙarƙashin Ingila, wasu a ƙarƙashin Faransa. William Miles ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta, Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta ƙasar Magarya, ya rubuta Hausaland Divided a 1994, yana gwada yadda mulki biyu ya sāke rayuwar mutane masu harshe ɗaya da addini ɗaya.

Babban Mutum tana kan hanyar da ta taso daga Kano ta Ɓaɓura ta nufi Magarya da Damagaram, don haka duk abin da ya taɓa iyaka ya taɓa kasuwarta. A zamanin gyaɗa, mafi yawan abin da ƙasar Magarya ta noma ta tashar Kano ya ke bi zuwa teku. Kowace ƙasa kuwa tana yanka nata farashi, Nijeriya ta hannun Hukumar Sayen Gyaɗa da aka kafa a 1949, Nijar kuma ta hannun kamfanin Gwamnati mai suna SONARA tun daga 1962. John Collins, wanda ya yi bincike a Magarya, ya nuna cewa shekarar da farashin kudu ya fi, jakuna da raƙuma su kan yi kudu da gyaɗa da dare, shekarar da na arewa ya fi kuma su juya. Masu tsaro ba su taɓa hana wannan ba, bambancin farashi ne ke buɗe hanyar, daidaituwarsa ce kuma ke rufe ta.

Haka al'amarin canji ya ke. Da aka karya darajar Naira a 1986, da kuma aka rage darajar Sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan da ke hawa da masu gangarowa sun sāke. Rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda aka yi daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, sun nuna wa kowa yadda abincin garin bakin iyaka ya ke rataye da shawarar da a ke yankewa a nesa. Hakimin irin wannan gari ya kamata ya san farashi biyu, na kasuwarsa da na kasuwar ƙetare, gama tsakaninsu ne labarin gobe ya ke.

Yadda Dala ta Rushe

A shekarun 1960 Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Dalar gyaɗa da a ke alfahari da ita a Kano, asalinta jirgi ne ya kāsa kwashe buhuna da sauri, sai aka tara su ana jira. Hukumar saye ta kan biya manomi ƙasa da farashin duniya, ta riƙe rarar. Da wannan rara aka yi ayyuka masu amfani a Jihar Arewa, amma P. T. Bauer ya yi gargaɗi tun a 1954, cikin littafinsa a kan cinikin Afirka ta Yamma, cewa wannan haraji ne a ɓoye, kuma zai sanyaya gwiwar manomi. Sai ga farin 1972 zuwa 1974, sa'an nan cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta cinye gonaki. Kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma daga noma. Manomi ya sake lissafi, ya koma gero da wake, dala ta ɓace. A 1986 aka rushe hukumomin saye gaba ɗaya.

Labarin masaƙu ma haka ya ke. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna ta farko, haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead, da niyyar a saƙa audugar Arewa a Arewa. Wasu masaƙu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa, dubban magidanta suka sami aiki. Amma masaƙa tana bukatar wuta mai ɗorewa, da baƙin mai, da kayan gyaran injin da sai an sayo daga waje, da auduga mai kyau. Da waɗannan suka yi wuya, ga kuma atamfa mai araha tana shigowa daga Sin ta barauniyar hanya, sai masaƙar farko ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ta bi ta a 2007. Darasin littattafan dabarun kamfani ke nan a aikace: kafin a yi murna da ginin masana'anta, a tambaya me za ta ci kullum, daga ina, wa kuma zai iya kawo irin kayanta da araha fiye da ita.

Yadda Za a Karanta Su

Mafi yawan littattafan nan da Turanci su ke, baƙi ne kuma suka rubuta da yawa daga cikinsu, ko da ya ke masana na gida irin su Mahdi Adamu da Yusufu Bala Usman sun yi nasu a kan fatauci da tarihin Katsina. Sabo da haka sai a karanta da hankali. A duba shekarar da aka yi binciken, don farashin 1967 ba na yau ba ne. A duba garin da aka yi shi, don abin da ya tabbata a Batagarawa ba lalle ya tabbata a Babban Mutum ba. A yi hattara da littafin da ke yabon attajiri ɗaya daga farko har ƙarshe, gama waɗanda suka bi hanyarsa suka karye ba a rubuta nasu labari ba. Abin da ya fi kyau shi ne malami ya karanta babi guda, ya fassara wa Hakimi a gaban dattawan kasuwa da Sarkin Noma, a ji inda suka yarda da inda suka musa. Sau da yawa tsohon dillali ya kan gyara wa littafi zance.

Aikin Malamin Hakimi

Masanan nan ba daga ka suka rubuta ba. Sun zauna da tsofaffi, sa'an nan suka shiga Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna suka buɗe rahotannin ƙidayar gundumomi da littattafan haraji da na kasuwa, waɗanda malaman Hakimai na zamanin En'e suka sha wahalar cikawa. Ba don alƙalamin waɗannan malamai ba, da ba a san yawan masaƙa ko marina ko jakunan wata gunduma ba. Abin da ba a rubuta yau ba, jikoki ba za su same shi ba. Don haka ana shawartar kowane ofishin Hakimi ya tanadi littafi guda mai bango mai ƙarfi, a riƙa shigar da waɗannan:

1. Farashin gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da zoɓo kowace ranar kasuwa, a faɗi ma'aunin da aka yi awo da shi, ko tiya ko buhu.

2. Farashin akuya da tunkiya da sa matsakaici, da canjin Naira da Sefa a wannan rana.

3. Ranar da ruwan shuka ya sauka, da ranar da ya ɗauke, da duk wata cuta ko fara da ta taɓa amfanin gona.

4. Yawan masu kowace sana'a a gunduma sau ɗaya a shekara, da sana'ar da ta shigo sabuwa, da wadda ta ke mutuwa.

5. Sunan duk kamfanin da ya zo saye ko ba da bashi ko neman fili, da sharaɗin da ya kawo, da yadda aka ƙare.

Littafin shekara ɗaya ba ya faɗin kome. Na shekara biyar kuwa zai nuna wa Hakimi watan da hatsi ya kan tashi, da shekarar da ya kamata a gargaɗi jama'a kada su wofintar da rumbu.

Kammalawa

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wancan jirgi na 1912 ya tsaya ne a Kano, amma duk da haka ya sāke noman ƙasar Daura da na Magarya. Wannan kuwa ta cikin ƙasar aka ja layinsa. Masu shiri suna da abin da su ke zato zai ɗauka, kamar yadda masu auduga suka yi nasu zato. Abin da zai ɗauka a gaskiya manoma da fatake ne za su yanke, bisa lissafinsu. Hakimin da ya san tarihin jirgin farko, ya kuma riƙe littafin kasuwarsa, shi ne zai iya faɗa wa hukuma abin da jama'arsa za su karɓa, ya kuma faɗa wa jama'arsa abin da ke tafe tun bai iso ba. Allah ya sa a amfana.

Tambayoyi Domin Bita

1. Kawo dalilai huɗu da suka sa manoman Kano suka zaɓi gyaɗa a kan auduga a 1912. Wanne ne a cikinsu har yanzu ya ke aiki a gundumarku?

2. Mene ne aikin maigida a cinikin shanu na Sabo, wa ke yin irin wannan aiki a kasuwarku?

3. Me ya sa gyaɗa ta kan ƙetare iyaka wata shekara kudu, wata shekara arewa?

4. Wace tambaya ce ta farko da Hakimi zai yi wa mai alkawarin riba mai yawa?